Rijiyar da Waya Ta Jefa Teku

Ku gyara zama, ga wata nan tafe, kuma ba za ta tashi ba sai ta haɗa ku gardama. Wanda ya san muƙamuƙinsa na ciwo ya ja baya tun yanzu.

Can yamma da mu akwai wani ƙauye da ake ce wa Tungar Dashi. Ƙauye dai a baki, don gida talatin da ɗaya ne, mutum ɗaya. Mutumin shi ne Malam Nomau, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, dogo, siriri, mai ɗan tsiririn gemu kamar na bunsurun da bai ƙoshi ba. Shi ne ladan, shi ne liman, shi ne sahun gaba da na baya. Kullum in ya idar da sallar safe sai ya ɗauki tsintsiya ya bi ƙofofin gidajen nan yana sharewa. Kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya ɗan dakata kamar mai jiran a amsa, sannan ya wuce. Gidan da aka saba miƙo masa kunu, nan ya fi daɗewa a tsaye. Daga nan sai bayan gari, wurin kabarin matarsa Dije. Ya yi mata addu'a, ya zauna ya ba ta labarin gari, labarin da bai taɓa wuce na ƙadangaru da na jakinsa ba.

Ruwa ne ya kori mutane. Rijiyoyin cikin gari suka fara ɗanɗanon kanwa, daga baya suka ƙafe ƙaf. Abin haushin shi ne kowa ya san akwai ruwa mai daɗi a fadama. Shekara arba'in da wani abu da suka wuce ma'aikatan ruwa sun zo sun gina rijiyar siminti a can, suka rufe bakinta da murfin kankare, suka ce kada wanda ya taɓa sai sun dawo da famfo. Ba su dawo ba. Ambaliya ce ta zo a madadinsu, damina biyu a jere, ta tumɓuke itatuwan fadama ta shimfiɗa yashi fari fat, ko'ina iri ɗaya. Lokacin ba wanda ya damu, tunda akwai ruwa a gida. Ran da aka buƙaci rijiyar, dattawa bakwai suka nuna wuri bakwai. Aka haƙa, aka gaji, aka fara ɗaure kaya.

Nomau ya ƙi tashi. Da jakinsa yake zuwa ɗebo ruwa a wani ƙauye mai nisan tafiyar hantsi guda. Sai jakin ya kwanta wata Laraba, bai ƙara tashi ba.

'Yarsa Kulu, wadda ke aure a birni, ta zo ta same shi yana alwala da ruwan da bai cika murfin buta ba. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shirya da wani mai babur ya riƙa kawo masa jarka biyu duk mako, sannan ta durƙusa ta ce, "Baba, Juma'ar farko bayan sallar layya zan zo da mota. In na gan ka da idona kana shan ruwan garin nan, na bar ka. In ban gani ba, ko kana zagina sai na ɗauke ka."

Ya ce ya ji. Da ta tafi ya je bayan gari ya gaya wa Dije. Saura mako bakwai.

To, ga mutum uku, dukansu a Tungar Dashi aka yanke musu cibiya.

Ta farko Tabawa, ƙanwar marigayiya Dije, mai tuyar ƙosai a bakin wata tasha a birni. Takardun da take naɗe ƙosai a dami take sayensu, tsofaffin takardun ofis da aka share aka zubar. Karatun bokonta bai wuce na ajin manya da ta yi wata huɗu ta gudu ba, amma akwai kalma biyu da ko a juye aka rubuta su za ta gane, don su ne a jikin allon da ke bakin hanyar garinsu. Wata safiya ta yaga wata takarda mai ruwan ƙasa gida biyu, ta naɗa wa wani ɗan dako ƙosai a rabi, ya tafi. Ta ɗaga ɗaya rabin za ta naɗa wa na bayansa, sai ta ga an rubuta Tungar Dashi, ga ɗan zanen da'ira kamar bakin rijiya. Lambobin da ke gefe kuwa an yage su ta tsakiya. Ta bar kasko a wuta, ta bar masu jira da kwanoninsu, ta bi ɗan dakon nan cikin kasuwa da ludayin tuya a hannu. Mutane suka ɗauka ɓarawo ne, har wani ya ɗaga sanda. A layin masu albasa ta cim masa, ya cinye ƙosan, ya dunƙule takardar zai share baki. Ta fizge. Ta dawo ta tarar ƙosai ya zama gawayi, kasko ya tsage.

Kwana biyu ta yi a hanya, mota uku da babur, takardar na ƙulle a bakin zanenta. Ta sami Nomau yana share ƙofar gidan da aka haife ta. Ta ce masa tsohon miji, ashe har yanzu bai mutu ba. Ya ce yana jira ne ta zo ta ga yadda ta tsufa tukuna. Ta shimfiɗa masa takardar a kan tabarma, rabi da rabi, duk ta jiƙe da man gyaɗa. Suka zura mata ido su biyu har la'asar. Lambobi ne dogaye, layi biyu a sama, layi biyu a ƙasa, ba wanda ya san abin da suke nufi. Amma ran nan Nomau ya ci tuwon da ba shi ya tuƙa ba, karo na farko cikin shekara shida.

Na biyu Arzika, ɗan maƙwabcin Nomau, wanda ya bar garin yana goye a bayan uwarsa. Yanzu magidanci ne, aikinsa gyara taswirar da masu kai saƙo a babur ke bi a waya. Tabawa ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira shi, ya ɗauki hutu ya zo da kwamfutarsa a jaka. Ya gaida Nomau, ya dubi takardar, ya ce ai wannan aikin minti biyar ne.

Ya zuba lambobin sama a taswira. Jan tabo ya fito a tsakiyar shuɗi, ba gari ba daji. Nomau ya leƙa ya tambayi ko ina ne nan. Arzika ya sosa ƙeya ya ce teku ne, can kudu da ƙarshen ƙasa.

Tabawa ta ce, "Ka ji, tsohon miji. Ruwa ka nema, ga shi yaro ya samo maka har da kifi."

Arzika ya ce ya sa na farko a gurbin na biyu ne, ya juya su. Jan tabo ya fito daga teku ya faɗa wata gona a ƙasar Yarbawa. Tabawa ta ce an samu ci gaba, ko ba komai yanzu ana iya zuwa a mota.

Daga nan bai ƙara cewa minti biyar ba. Kwana uku yana hawa tudu da sassafe, yana sauka da azahar fuskarsa a murtuke, yana cajin kwamfuta da ɗan faifan hasken rana. Ran na uku ya ɗauko ƙwarya ya kifa a gaban Nomau. Ya ce duniya haka take, a dunƙule. Taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Ba yadda za a yi ƙwarya ta kwanta kamar faifai sai an tsaga ta ko an ja ta, kuma kowane mai zane da yadda yake tsaga tasa. 'Yan safiyo, masu awon ƙasa, da suka rubuta takardar nan sun yanka ƙasar nan tsaga uku a tsaye, kowace tsaga suna ƙirga mita daga wata kusurwa tata. Taswirar waya kuwa duniya ta ja gaba ɗaya, tana ƙirgawa daga wani wuri can cikin teku. Shi ya ba waya ƙirgen wasu, ita kuma ta ƙirga daga ƙofar gidansu. Yanzu ya gano tsagar da Tungar Dashi ke ciki, ya mai da lambobin irin waɗanda waya ke ji.

Ya danna. Jan tabo ya sauka a fadamar Tungar Dashi. Nomau ya daɗe yana kallon wurin. A taswirar babu sunan gari, babu gida ko ɗaya, fili ne kawai mai launin toka da tabon nan a tsakiya. Ya tambaya a hankali ko haka duniya ke ganinsu. Arzika ya ce haka ne, Baba.

Aka kira mahaƙa biyu daga ƙauyen gaba. Arzika ya bi waya har ta ce nan ne, ya kafa tsinke. Suka haƙa zurfin gaba guda, yashi. Gaba biyu, yashi. Suka soka rodi taku goma ta kowane gefe, ba abin da ya taɓa. Kwana biyar ana yi. Sallar layya ta zo ta wuce, su uku suka yi ta da zakara ɗaya. Mahaƙa suka ce za su koma gida. Arzika ya duba lissafinsa sau tara bai ga kuskure ba, ya daina cin abinci sosai. Da yamma dai aka ga Nomau ya fito da akwatin ƙarfensa ya goge masa ƙura, ya ajiye a zaure. Saura kwana huɗu.

Na uku Jatau Mai Sarƙa, abokin Nomau tun na kaciya. Shekara talatin ya yi yana jan sarƙar awo a bayan 'yan safiyo, daga dutse zuwa dutse, har gwiwoyinsa suka ƙare. Ba wanda ya kira shi, don kowa ya ɗauka ya mutu. A bakin mai babur ɗin ruwa ya ji labari a kasuwa, ya sa aka ɗaure shi a bayan jarkoki aka kawo shi. Ya sauka da ƙyar, ya dubi Nomau sama da ƙasa ya ce ashe har yanzu da wannan gemun ake fama. Nomau ya miƙa masa hannu. Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki.

Jatau bai iya karanta lamba mai tsawo ba, kuma bai taɓa riƙe wayar shafa ba. Ya leƙa busasshen ramin, ya sa aka nuna masa takardar. Ya ɗora yatsa a layi biyun ƙasa, waɗanda Arzika bai kula da su ba, ya ce wannan ɗan alama mai kusurwa uku ya san shi. Ba rijiya ba ce, turken awo ne, na kankare, yana kan dutsen marmara na arewacin gari. Shi ya hau da simintinsa a ka.

Ya tambayi Arzika daga ina wayarsa ke ɗauko awo. Arzika ya ce daga taurarin ɗan'adam, su kuma daga tsakiyar duniya suke ƙirgawa.

Jatau ya ce, "Mu namu daga Minna aka ɗauko shi, ɗana. Turke ɗaya ne a can, daga shi aka riƙa miƙo awo dutse zuwa dutse har ya iso nan. Ban ce wayarka na ƙarya ba. Amma kafin ka tambaye ta abin da ya ɓata, tambaye ta abin da bai motsa ba, mu ji me za ta ce."

Sannan ya ce wa Nomau ya kawo igiya. Nomau ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyar gugansa, wadda ke rataye tun ran da rijiyar gida ta ƙafe. Duk shekara yana shafa mata mai don kada ta bushe.

Mahaƙan nan biyu, da ba su riga sun tafi ba, suka goya Jatau bi da bi har kan dutsen. Ya nuna wani kurmin ƙaya, aka sare, sai ga turken a ƙasa da ƙusar tagulla a kansa, daram. Arzika ya gyara lambobin turken yadda ya gyara na rijiya, ya bi waya. Waya ta wuce turken, ta ja shi gabas, ta yi ta jansa, ta tsayar da shi a kan wani falalen dutse inda ba komai sai kashin awaki. Ta ce nan turke yake. Alhali ga turke can baya kowa na kallonsa.

Jatau ya yi dariya har da tari. Ya sa aka ja igiya daga ƙafar Arzika zuwa ƙusar tagulla. Tsawon igiya uku cif, da wani abu a ta huɗu, nan ya yi ƙulli. Ya dubi inuwa, la'asar ce, ya ga layin ya nufi rana sak. Aka sauko da shi fadama kafin inuwa ta karkata. Daga tsinken da Arzika ya kafa a busasshen rami, aka fuskanci rana, aka ja igiya uku da ƙulli. Jatau ya ce a soka rodi.

Suka soka, ya nutse. Suka matsa taku biyu suka soka, ya nutse. A na huɗu rodi ya shiga kamu biyar ya ce ƙwal.

Arzika ya zauna a yashi ya buɗe kwamfuta, ya tarar gyaran nan na tsakanin awon Minna da na taurari yana nan a ciki tun farko, wani ɗan gurbi ne da bai taɓa ba, don ba abin da ya gaya masa ya taɓa. Ya taɓa. Jan tabo ya yi tsalle ya sauka a gindin rodi.

Washegari aka kwashe yashi, aka ɗaga murfin da ƙarfe, aka bar iska ta shiga. Aka wuni ana yasa. Ran Alhamis da hantsi guga ya fito da ruwa garai-garai, mai sanyi, har ana ganin ɗinkin gindin gugan. Nomau ne ya ja shi da hannunsa. Ya juye a sabuwar ƙwarya, ya rufe da faifai.

To, a Tungar Dashi akwai al'ada tun kaka da kakanni. Ba a shan ruwan sabuwar rijiya sai wanda ya fito da ita ya sha gugan fari, kuma da sunansa za a kira ta har abada. Wannan rijiya kuwa ba a taɓa shan ta ba, ba ta da suna. Arzika ya buɗe wurin da ake sa sabon wuri a taswirar duniya, don waɗanda suka yi ƙaura su gani su san hanya. Gurbin suna ɗaya ne. Ya rubuta Rijiyar, ya tsaya.

Tabawa ta ce ita ba ta son gardama, amma a tuna da ba don ita ba da tuni lambobin nan sun share bakin ɗan dako. Ta faɗa tana dariya, sai dai kowa a wurin ya san ta yi aure uku ba ta haihu ba, kuma ran da ta mutu ba bakin da zai ƙara kiran sunanta.

Arzika ya ce shi yaro ne a gabansu, amma takardar ta kwana huɗu a kan tabarma ba ta nuna wa kowa ko hanyar bayan gida ba, kuma da ba don raminsa ba, da Baba Jatau bai san daga inda zai ja igiya ba. Bai faɗi sauran ba. Ya sa sunan layi da lungu fiye da dubu a taswira, na mutanen da bai taɓa gani ba, gidan ubansa kuwa ga shi can ya zama tudun ƙasa, ba ya cikin kowace taswira.

Jatau ya ce su biyun sun yi ƙoƙari, sun samo rami mai kyau, busasshe, da za a iya ajiye dawa a ciki. Ya miƙe gwiwarsa yana matsawa. Shekara talatin yana jan sarƙa, an buga takardu da sunan kowane mai riƙe alƙalami, ba a taɓa rubuta na mai ɗaukar siminti ba.

Suka juyo ga Nomau, don shi ne babba, shi ne gari.

Nomau ya dubi ƙwaryar. Maƙogwaronsa a bushe yake tun safe. Ya san wanda aka kira rijiya da sunansa zai yi wuya ya bar ta, ƙila ma ya gyara ɗaki ya zauna. Ya san kuma sauran biyun za su yi masa murmushi, su yi sallama, su hau babur. Ya ce a bari ya yi sallar azahar tukuna. Da aka yi azahar, ga sahu a bayansa yana amsa masa amin da ƙarfi a wurin addu'a, ya ce a bari rana ta yi sanyi. Da rana ta yi sanyi ya ce bai kamata a yanke magana da yunwa ba, Tabawa ta ɗora tukunya. Ita kuwa ta harare shi ta ce ta gane shi sarai, tsohon nan so yake su tsufa a zaurensa. Bai musa ba. Ya je bayan gari ya daɗe, ya dawo ya ce ita ma Dije ba ta ce komai ba.

Yau ga shi gari ya waye Juma'a. Ƙwarya na nan a rufe a tsakiyar tabarma, mutum uku zaune kewaye da ita, akwatin ƙarfe na zaure. Can daga kan tudu an hango mota ta bar kwalta ta kamo hanyar gari, kuma Kulu ba ta ce in ta ga rijiya ba, cewa ta yi in ta ga yana sha. Nomau ya durƙusa, ya ɗage faifai, ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu.

To, jama'a, tsakanin wadda ta ƙwato takarda, da wanda ya dawo da lamba daga teku, da wanda ya ja igiya, wa za a miƙa wa ya fara sha?